Gida, allura, gadon asibiti ko komawa Arewa: wace hanya ta dace da mai cutar sikizofiriniya a Legas?

Iyalin da likita ya shaida wa cewa ɗansu na fama da sikizofiriniya ba sa rasa masu ba da shawara. Kawu ya ce a sa shi a mota a mayar da shi gida, maƙwabci ya ce ya san malamin da ya iya ruƙiyya, abokin sana'a ya ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba a bar shi can sai ya warke, uwa kuma ta ce ba inda za a kai mata ɗa. Wannan bayani na waɗanda ke tsakiyar wannan ja-in-ja ne, musamman mutanenmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago, inda ɗaki ɗaya kan ɗauki mutum huɗu ko biyar, kuma wanda zai yi jinya shi ne dai wanda zai fita neman na cefane.

Sikizofiriniya ciwon ƙwaƙwalwa ne. Mai shi yakan ji muryoyin da ba wanda ke ji, ya riƙa zargin ana bin sa ko an sa masa guba a abinci, maganarsa ta rasa kan gado. Akwai kuma ɓangaren da ba ya hayaniya, wanda ya fi daɗewa: ya janye daga mutane, ya daina wanka, ya wuni a kwance, a riƙa ce masa malalaci. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin 300 na da ciwon, kimanin mutum miliyan 24 ke nan a duniya, kuma aƙalla ɗaya cikin uku alamun kan kwanta masa gaba ɗaya. Yakan fara ne daga ƙarshen samartaka zuwa wajen shekara 30, ya fi saurin bayyana a maza.

Ma'aunin da za a yi amfani da shi

Na farko, kuma wanda ya rinjayi sauran, shi ne ɗorewar magani. Da aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, an ga cewa cikin shekara ɗaya ciwon ya sake tashi ga kimanin kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da magani, amma ga waɗanda aka yanke wa magani ya kai kashi 64. Lamarin ya yi kama da na hawan jini: jin sauƙi alama ce ta cewa magani na aiki, ba ta nuna an gama da shi ba. Duk hanyar da za ta sa magani ya yanke bayan wata uku, ko da ta fi araha a yau, ita ce mafi tsada.

Na biyu kuɗi, kuma a lissafa shi da gaskiya: kuɗin magani, kuɗin mota na mutum biyu, gwajin jini, da cinikin ranar da aka rufe teburi aka tafi asibiti. Na uku nauyin da zai hau kan mai jinya. Na huɗu haɗari, ga majinyacin da waɗanda ke kwana tare da shi. Na biyar, wanda ake yawan mantawa, shi ne irin rayuwar da za ta rage masa: zai iya zuwa masallaci, ya riƙe 'yar sana'a, ya zauna a majalisa, a yi masa maganar aure?

Hanya ta ɗaya: zama a gida da ƙwayoyin magani

Wannan ita ce hanyar da mafi yawan majinyata ke kai, kuma ita ce ta fi barin mutum da rayuwarsa. Ana yankar kati a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda yake aiki tun 1907, ko a sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, ko na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja. Da farko likita kan so ganin majinyaci a kai a kai, idan ya daidaita sai a riƙa ba shi wata ɗaya zuwa uku. Mazauna Agege sun samu sauƙi tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a 2024, domin yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba.

Magungunan kashi biyu ne. Tsofaffi irin su chlorpromazine, haloperidol da trifluoperazine suna da araha, ana samun su kusan ko'ina, amma sun fi kawo rawar hannu, sandarewar jiki, dalalar miyau da tafiya a hankali. Chlorpromazine yana sa barci da jiri idan aka miƙe da sauri. Sababbi irin su risperidone, olanzapine da aripiprazole ba su cika sandarar da jiki ba, amma sun fi tsada, tsadar kuma ta ƙaru tun faɗuwar darajar naira a 2023. Olanzapine yana buɗe ciki ya sa ƙiba, har ya kai ga ciwon sukari, shi ya sa ake auna nauyi, hawan jini da sukari kafin a fara, a sake bayan wata uku, sannan duk shekara. Risperidone kan sa al'adar mace ta ɗauke, nono ya kawo ruwa ba tare da haihuwa ba, namiji kuma ya ga rauni wajen iyali. Wannan na ƙarshe shi ke sa magidanta da yawa su jefar da magani ba su gaya wa kowa ba. A yi ƙarfin hali a faɗa wa likita, akwai abin da zai canza.

Abubuwa uku ne suka fi ɓata wannan hanya. Na farko gaggawa: barci da natsuwa kan dawo cikin 'yan kwanaki, amma muryoyi da zargi sai an yi mako biyu zuwa shida suke ja da baya, iyali kuma su yanke ƙauna a mako na farko. Na biyu, da ya samu sauƙi sai a ce ya warke a daina, alhali bayan tashin farko ana ci gaba da magani aƙalla shekara ɗaya zuwa biyu, wanda ya yi ta maimaitawa kuwa sai ya yi shekaru masu yawa. Na uku shi ne abin da kan faru a kwanakin farko na haloperidol, musamman ga samari: wuya ya karkace gefe, idanu su juya sama, harshe ya yi nauyi ya fito waje. Wanda bai sani ba zai rantse aljanu ne suka tashi. Illar magani ce, kuma allura ɗaya a asibiti kan warware ta cikin mintoci. Don hana irin wannan ake haɗawa da benzhexol, wanda matasa suka sani da ezol, amma shi ma a riƙe shi a hannun babba, domin ana shan sa don maye.

Abin da ke sa hanyar ta yi aiki a aikace ba shi da yawa. Mutum ɗaya tak ya ɗauki alhakin magani, ya ba shi a hannu ya ga ya haɗiye. A roƙi likita ya mayar da shan sau ɗaya da daddare idan maganin ya ba da dama, a ɗaura shi da sallar Isha'i, wannan ma yana sauƙaƙa azumi. A sayo sabo saura mako ɗaya tsoho ya ƙare, daga kantin asibiti ko kyamis mai rajista, a duba lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna (NAFDAC) da ranar lalacewa. Jabun magunguna ne suka sa hukumar ta rufe kasuwar magani ta Idumota na wani lokaci a watan Fabrairun 2025, don haka kada araha ta ja ku can. A ajiye littafi a rubuta sunan magani, yawansa, da yadda barci yake. Raguwar barci kwana biyu ko uku a jere, daina cin abincin gida, yawan dariya shi kaɗai, waɗannan su ne alamun farko na dawowar ciwo, kuma a ranar ake komawa asibiti, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.

Yadda ake magana da shi a gida ma magani ne. An daɗe da gano cewa gidan da ake yawan faɗa, gori da sa ido fiye da kima, ciwo ya fi saurin dawowa. Idan ya ce ana zagin sa ta cikin bango, kada a yi musu da shi, kada kuma a gaskata. Yaya zai iya cewa: "Ƙanena, ni ban ji ba, amma na ga abin ya dame ka. Zo mu fita waje mu sha iska." Wiwi, tiramol, kodin da sholisho suna rusa duk abin da magani ya gina. Batun sana'a kuwa, gadin dare yana cinye barci, tuƙin babur ko keke napep da maganin da ke sa gyangyaɗi haɗari ne. Tsaron shago da rana, ɗinki, ko taya ɗan'uwa awo a kasuwa sun fi dacewa, a fara da rabin wuni.

Hanya ta biyu: allura mai daɗewa a jiki

Maganin iri ɗaya ne, sai dai ana zuba shi cikin tsoka ya riƙa fita a hankali. Fluphenazine decanoate, wanda ake kira Modecate, da flupentixol decanoate ana yin su duk mako biyu zuwa huɗu, haloperidol decanoate duk mako huɗu. Paliperidone ana yin ta rana ta ɗaya da ta takwas, sannan duk wata. Da fluphenazine akan fara da ɗan gwaji na miligiram 12.5, a jira kwanaki a ga yadda jiki ya karɓa, kafin a hau cikakken adadin da likita ya tsara.

A wajen ɗorewa babu kamarta. Rigimar "ka sha, ban sha ba" ta kowane dare ta ƙare, kuma ranar da aka tsallake kowa ya sani, domin kati zai nuna. Tsofaffin alluran suna cikin mafi araha a duk hanyoyin nan idan aka lissafa na wata. Paliperidone kuwa tsadarta ta fi ƙarfin yawancin iyalai, kuma bai kamata a fara ta ba sai an tabbatar da inda kuɗin wata shida masu zuwa zai fito.

Illarta a fili take: abin da ya shiga tsoka ba a iya janye shi. Idan jiki ya sandare ko ƙafafu suka hana shi zama wuri ɗaya, sai an yi makonni ana lallaɓawa kafin ya ragu. Bayan shekaru wasu kan fara motsa leɓe da harshe ba da son ransu ba, wannan abu ne da za a nuna wa likita da wuri. Nas ce ko likita ke yin allurar, ana sauya gefe kowane karo. Kada a ba ɗan kyamis na unguwa ya riƙa yi ba tare da likita na ganin majinyacin ba. Mafi yawan malamai suna ganin allurar tsoka wadda ba ta abinci ba ba ta karya azumi.

Hanya ta uku: a ba shi gado

Kwanciya a asibiti ta wucin gadi ce, ta makonni, don kashe wutar ciwo. Ana buƙatarta idan yana maganar kashe kansa ko ya gwada, idan muryoyi na umartar sa ya cutar da wani, idan ya daina ci da sha, idan ya ƙi duk wani magani, ko mace ce da ciwon ya tasar mata bayan haihuwa. Kada a raina maganar kashe kai: kimanin mutum ɗaya cikin 20 masu wannan ciwo ta haka suke rasuwa, kuma haɗarin ya fi yawa a shekarun farko da makonnin da ke bin sallama. Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki, gumi da ruɗewa ga wanda ke shan waɗannan magunguna shi ma na gaggawa ne, a dakatar da magani a nufi asibiti nan take. Lambobin gaggawa a Legas su ne 112 da 767.

Ita ce mafi tsada a ɗan lokaci, domin akan nemi kuɗin ajiya kafin a ba da gado, ga magani, ga gwaje-gwaje, ga zirga-zirgar dubiya. Amfaninta shi ne ana ganin majinyaci dare da rana, ana iya daidaita magani da sauri, iyali kuma su samu su yi barci. Idan babu gado a Yaba, asibitin Aro da ke Abeokuta bai yi nisa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci na a kula da shi cikin mutunci, don haka kuna da ikon tambayar wane magani ake ba shi da dalili.

Akwai matsalar da ta shafi mutanenmu musamman, wato harshe. Likitan ƙwaƙwalwa da magana yake gane ciwo, ma'aikata kuma Turanci, Yarbanci ko buroka suke yi. A tafi da wanda ya san majinyacin tun kafin ciwo, ya kuma iya fassara ba tare da gyara masa magana ba. Amma a ba shi damar ganin likita ba a gaban mahaifinsa ba, domin ba yaron da zai yi maganar wiwi ko matsalar iyali a gaban Baba.

Babban kuskure a nan shi ne ɗaukar sallama a matsayin warkewa. Kada a bar asibiti sai an san sunan maganin da aka sallame shi da shi, ranar dawowa, da wanda zai riƙe maganin a gida. Idan an gwada magunguna biyu daban-daban, kowanne aƙalla mako shida da cikakken adadi, ba a ga canji ba, a tambayi likita batun clozapine. Shi ne ya fi aiki ga ciwon da ya gagari sauran, amma yana iya rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, shi ya sa ake gwajin jini duk mako a watannin farko. Yana sa taurin bayan gida mai tsanani, kuma idan aka yi kwana biyu ba a sha ba dole a koma a faro daga ƙaramin adadi. Iyalin da ba za su iya zuwa gwaji duk mako ba kada su fara.

Hanya ta huɗu: komawa Arewa

Wannan shawara tana da ƙarfi fiye da yadda wasu ke zato. A gida akwai fili, akwai uwa da 'yan'uwa masu karɓa-karɓar jinya, akwai gona ko kiwo da zai shagaltu da su, ga likitan da zai ji Hausarsa. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro cewa majinyatan da suka zauna a ƙauyukan kusa tare da danginsu, suna zuwa asibiti karɓar magani, sun amfana da zaman. Amma a lura da sharaɗin: dangi da magani a tare. Arewa na da asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, ga asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Tambayar da za ku yi ita ce awa nawa ne daga ƙofar gidanku zuwa ɗayansu, kuma wa zai riƙa kai shi.

Abin da ya fi faruwa idan ba a shirya ba sananne ne. Maganin da aka taho da shi ya ƙare, kyamis ɗin ƙauye ba shi da irinsa, wani dattijo ya ce dama ba ciwon asibiti ba ne, mai aiko da kuɗi daga Legas kuma yana can yana zaton komai lafiya. Idan za a tafi, a karɓi takardar likita mai ɗauke da sunan ciwo, magani, adadi da ranar allura ta ƙarshe, a riƙe maganin wata biyu, a yanki kati a asibitin can cikin mako biyu da isa. Kada a yi tafiyar da ta kai kilomita 1,000 da mutum ciwo na tashe, balle a saman tirela.

Hanya ta biyar: gidan mari da wuraren tsare majinyata

Addu'a, karatun Alƙur'ani da ruƙiyya ta shari'a ba su cin karo da magani, majinyata da yawa suna samun natsuwa da su, kuma malamin kirki shi ke fara cewa a ci gaba da zuwa asibiti. Wurin da ake sa mutum a mari, a yi masa bulala, a hana shi abinci, a ce ya bar maganin likita, wannan wani abu ne dabam. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Irin waɗannan wurare akwai su a Kudu da Arewa, da sunan addinai daban-daban. Ba su ma da araha idan aka haɗa kuɗin wata-wata, kuma duk watan da ciwo ya yi ba magani yana ƙara wahalar shawo kansa daga baya. Wannan hanya ba ta cancanci a zaɓe ta ba ko a wane hali.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewar magani | Nauyi a kan iyali | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ƙwayoyi a gida | Kaɗan da tsofaffin magunguna, matsakaici zuwa mai yawa da sababbi | Ta dogara da mai ba da magani | Kullum | Daina sha a ɓoye |
| Allura | Kaɗan da tsofaffi, mai yawa ƙwarai da paliperidone | Mai ƙarfi | Sau ɗaya ko biyu a wata | Illa ba ta saurin gushewa |
| Gadon asibiti | Mai yawa a lokaci ɗaya | Tabbas, iya zaman asibiti | Kaɗan, sai dubiya | Sakaci bayan sallama |
| Komawa Arewa | Zama da sauƙi, kuɗin mota ya danganta da nisa | Mai kyau a birni, mai rauni a ƙauye | Ana rabawa | Yankewar magani |
| Gidan mari | Matsakaici, ba ya ƙarewa | Babu | Kaɗan | Duka, rauni, tsanantar ciwo |

Wa ya dace da wace?

Saurayin da ciwo ya taso masa karon farko, ya yarda ba shi da lafiya, kuma akwai uwa ko yaya da ke kwana ɗaki ɗaya da shi, ƙwayoyi a gida sun ishe shi, a bar shi ya koma makaranta ko sana'a a hankali. Wanda ya taɓa daina magani sau biyu, ko yake musun ciwon, ko kuma ɗan ci-rani ne da ke kwana a shago ko masallaci ba mai sa masa ido, allura ta fi masa, a samu mutum ɗaya daga cikin 'yan garinsu da zai riƙa tuna masa rana. Matar aure mai shirin haihuwa ko mai juna biyu kada ta yanke magani da kanta, ta je da mijinta su zauna da likita a zaɓi wanda ya fi dacewa, a kuma shirya wanda zai taya ta rainon dare bayan haihuwa.

Duk wanda ya kai ga barazana ga ransa ko na wani, gado ne, yau ba gobe ba, ko da sai an bi 'yan'uwa da Sarkin Hausawan unguwa an haɗa kuɗin ajiya. Wanda ba shi da kowa a Legas, iyayensa kuma suna kusa da Kano, Kaduna, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, a fara daidaita shi a nan, a mayar da shi kan allura, sannan a raka shi gida da takardarsa. Idan kuwa garinsu tafiyar rabin wuni ce zuwa asibiti mafi kusa, ya fi alheri ya zauna a Legas a ɗauko mahaifiyarsa ko wata 'yar'uwa ta zo ta yi 'yan watanni tare da shi.